Hanyar Komawa: Tarihin Tsagin Shimfiɗa a Allon Lantarki da Yadda Ya Shafi Kudancin Kano

Fannin da ake kira ingancin sigina reshe ne na injiniyancin lantarki wanda ke nazarin yadda saƙon lantarki ke tashi daga wata ƙwayar na'ura ya isa wata ba tare da surarsa ta lalace ba, kuma ko da yake sunansa bai bazu ba sai a shekarun 1990, matsalar da ya taso domin warwarewa ta girmi kwamfuta da fiye da ƙarni guda. Ginshiƙin fannin magana ce guda wadda kowane ɗalibi ke haddacewa tun a ajin farko, amma ƙwararru da yawa kan sha'afa da ita idan sun zauna zane, wato lantarki ba ya gudana sai a rufaffiyar da'ira, saboda haka duk kwararar da ta fita ta kan layi dole ne ta sami hanyar komawa inda ta fito. Layin fita a bayyane yake, domin mai zane ne ya ja shi da hannunsa, alhali hanyar komawa ba a zana ta, lantarkin ne ke zaɓar ta da kansa a cikin shimfiɗar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin layin. Idan aka tsaga wannan shimfiɗa gida biyu, sannan aka ratsa tsagin da layi mai ɗauke da sigina mai sauri, to an katse rabin da'irar ba tare da an sani ba.

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na kudancin Kano ba a san su da masana'antar ƙera allon lantarki ba, amma wannan tarihi ya ratsa su ta fuskoki uku: ta wayar da ta bi layin dogo a farkon ƙarni na 20, ta kuzar duwatsun Riruwai wadda irinta ce babban sinadarin dalmar da ake liƙa ƙwayoyin na'ura da ita, sannan ta wayoyin hannu da inbatoci da fitilun sola da ke cika teburan masu gyara a kasuwannin yankin a yau.

Zamanin da ƙasa ta zama waya ta biyu

A shekarar 1838 wani masanin kimiyya Bajamushe, Carl August von Steinheil, ya gwada amfani da ƙarafan layin dogo na tsakanin Nuremberg da Fürth a matsayin wayoyin tangaraho, kuma duk da cewa gwajin bai yi nasara ba, domin lantarkin ya riƙa zurarewa ta cikin ƙasa daga wannan ƙarfe zuwa wancan, zurarewar ce ta nuna masa cewa ƙasa kanta za ta iya tsayawa a madadin waya ta biyu. Daga nan kamfanonin tangaraho suka rage kusan rabin kuɗin waya, suna jan waya guda a kan turaku, su binne farantin ƙarfe a kowace tasha, ƙasa ta cike sauran da'irar. A zamanin wannan tsari ne Turawan mulkin mallaka suka ja waya zuwa Kano, bayan rundunarsu ta bi ta Bebeji ta ci birnin a watan Fabrairun 1903, kuma da layin dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, ya ratsa ƙasar Kiru ta Dangora da Yako, tashoshinsa da waya suke sanar da juna motsin jirgi. Masu aikin tangaraho a ƙasashe masu dogon rani sun san cewa idan ƙasar da ke kewaye da farantin ta bushe sigina kan raunana har sai an jiƙa wurin, kuma irin wannan sani ne ke hannun masu wayarin gidaje a yau, waɗanda ke zuba gishiri da gawayi a ramin sandar ƙasa.

Sai dai wannan zamani ya bar wa fannin gadon wata gurguwar fahimta wadda har yanzu ake fama da ita, ita ce ɗaukar ƙasa a matsayin rami marar iyaka wanda ke haɗiye duk lantarkin da aka zuba masa. A taswirar da'ira ana sanya wata 'yar alama a duk inda layi ya taɓa ƙasa, kuma idon mai karatu kan tsaya a nan kamar tafiyar ta ƙare, alhali rabinta ne kawai aka yi. Tarho ne ya fara tona asirin wannan fahimta, domin da aka fara jan layukansa da waya guda bayan 1876, masu magana sun riƙa jin hayaniyar tangaraho da ta jiragen lantarki na cikin birane da hirar maƙwabta, kasancewar dukkansu ƙasa guda suke bi wajen komawa. Maganin da aka samu shi ne a ba kowane layi wayar komawarsa ta ƙashin kansa, a kuma murɗe wayoyin biyu tare, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881, wadda har yau da ita ake haɗa kwamfutoci a ofisoshi.

A ɓangaren nazari kuwa, darasin ya zo ne daga ƙarƙashin teku. Wayar tangaraho ta farko da aka shimfiɗa tsakanin Turai da Amurka a 1858 ta kwashe kimanin sa'o'i 16 kafin ta isar da saƙon Sarauniya Victoria mai kalmomi 98, sannan ta mutu cikin kusan mako uku, bayan an tura mata ƙarfin lantarkin da ya fi ƙarfin rufinta. Oliver Heaviside, Bature ɗan Ingila wanda ya fara rayuwarsa a matsayin ma'aikacin tangaraho, shi ne ya tsara lissafin da ya bayyana dalili a shekarun 1870 da 1880, inda ya nuna cewa sigina igiya ce mai tafiya a sararin da ke tsakanin wayar fita da wayar komawa, kuma surar wannan sarari ce ke ƙayyade halinta. A 1926 John Carson na kamfanin tarhon Amurka ya ƙara da lissafin da ya nuna cewa lantarki mai kai-komo da ke komawa ta cikin ƙasa ba ya bazuwa ko'ina, yana taruwa ne a ƙarƙashin wayar da ke sama, kuma gwargwadon saurin kai-komon gwargwadon matsowarsa kusa da ita. Wannan sakamako, wanda aka samo domin layuka masu tsawon ɗaruruwan kilomita, shi ne ainihin abin da ke faruwa a cikin allon da bai fi tafin hannu ba.

Allo da shimfiɗarsa

Allon lantarki da ake buga layukansa da jan ƙarfe ya samo asali ne daga aikin Paul Eisler, ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi hijira zuwa Ingila, wanda ya haɗa rediyo da irin wannan allo a 1936, ya kuma nemi rajistar dabararsa a 1943. A farkon shekarun 1950 masu aikin rada suka gano cewa siririn layi da aka ɗora a kan shimfiɗar jan ƙarfe, da abin rufi a tsakaninsu, yana aiki tamkar wayar eriya, kuma a shekarun 1960 aka fara ƙera alluna masu hawa da yawa, inda ake keɓe hawa guda cif ya zama shimfiɗar ƙasa, wani kuma ya zama shimfiɗar wuta. Masu ƙera manyan kwamfutoci su ne suka fara ɗaukar kowane layi da muhimmancin da Heaviside ya ba shi, har ta kai a kwamfutar Cray-1 ta 1976, mai bugun agogo sau miliyan 80 a daƙiƙa, an yanka murɗaɗɗun wayoyin bayanta bisa tsawon da aka ƙayyade domin sigina su iso tare. Amma wannan ilimi ya zauna a hannun mutane ƙalilan, domin sauran masu zane ba su da bukatarsa a lokacin.

Dalilin da ya sa lantarki mai komawa ke bin ƙarƙashin layinsa yana cikin bambancin abubuwa biyu. Na farko shi ne turjiya, wato tirjewar da ƙarfe ke yi wa kwarara, kuma lantarki mai tafiyar hawainiya yakan bi hanyar da turjiyarta ta fi ƙanƙanta, ya bazu a faɗin shimfiɗa ya nufi tushensa kai tsaye. Na biyu shi ne indaktans, wato ƙin da da'ira ke yi wa saurin sauyin kwarara saboda maganaɗisun da ke kewaye da ita, kuma girmansa yana tafiya ne da girman filin da layin fita da hanyar komawa suka kewaye. Da zarar firikwensi, wato yawan kai-komon sigina a daƙiƙa guda, ya haura ɗaruruwan dubbai zuwa miliyan, indaktans ne ke rinjaye, sai lantarkin ya matse ƙarƙashin layin domin ya ƙanƙantar da wannan fili. Lissafi ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kwararar komawa tana gudana ne a cikin tazarar da ba ta wuce ninki uku na tsayin layin daga shimfiɗa ba, ta kowane gefe, ma'ana idan layi yana bisa shimfiɗa da milimita 0.2, to mafi yawan komawarsa tana cikin wani siririn zango da faɗinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Sauran faɗin shimfiɗar, komai girmansa, kusan ba ya yi wa wannan sigina wani amfani.

Yadda tsaga ta zama ƙa'ida

Tsaga shimfiɗa ba aikin jahilci ba ne, dabara ce da masana suka kawo bisa dalili mai ƙarfi. A shekarun 1970 da 1980 aka fara haɗa ɓangaren analog, wanda ke auna ƙananan sigina irin na murya ko zafi, da ɓangaren dijital mai yawan hayaniya a kan allo guda, kuma na'urar da ke juya awo zuwa lamba tana da tsananin laushi, domin wadda ke raba bolt 5 zuwa matakai 65,536 kowane matakinta bai wuce kashi 76 cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Idan kwararar dijital ta ratsa ƙarƙashin irin wannan na'ura, ɗan ƙarfin da za ta haifar a jikin shimfiɗa ya isa ya gurɓata awon, saboda haka kamfanonin da ke ƙera ta suka ba ta ƙafafun ƙasa iri biyu, takardunsu na jagora kuma suka riƙa ba da shawarar a raba shimfiɗa biyu a haɗa su a wuri guda tak. A allon gwaji mai na'ura ɗaya, inda babu layin da ke ƙetare tsagin, dabarar tana aiki sarai, shi ya sa ta shiga littattafai da azuzuwa ta zama abin da ba a tambayar dalilinsa.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin a shekarun 1990, kuma tare suka zo. Na farko, ƙwayoyin ayisi, wato haɗaɗɗun da'irori da ke cikin 'yan baƙaƙen gidaje, suka daina wadatuwa da bolt 5, aka shigo da 3.3 da 2.5 da 1.8 da ƙasa da haka, sai shimfiɗar wuta ta rarrabu zuwa tsibirai, kowanne da tsagi a kewayensa, alhali layukan da ke hawan da ke kusa da ita da ita suke dogara wajen komawa. Na biyu, sauri ya ninka: kwamfutar IBM ta 1981 tana bugun agogo sau miliyan 4.77 a daƙiƙa, a shekarar 2000 aka kai biliyan ɗaya, a shekarar ce kuma ƙa'idar USB 2.0 ta kai bit miliyan 480 a daƙiƙa. Masu fannin kan jaddada cewa ba bugun agogo ne abin dubawa ba, lokacin tashin sigina ne, wato ɗan lokacin da take ɗauka daga sifili zuwa ɗaya, domin siginar da ke tashi cikin nanosakan guda, kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ke nan, tana ɗauke da firikwensi har miliyan 350 zuwa 500, ko da sau dubu kacal take bugawa a daƙiƙa. Ta haka ne allunan da suka yi shekaru suna aiki lafiya suka fara gardama ba tare da an taɓa zanensu ba, don kawai kamfanin ayisi ya ƙanƙantar da ƙwayarsa ta ƙara saurin tashi.

Abin da ke faruwa a bakin tsagi

Sigina tana tafiyar kimanin santimita 15 a nanosakan guda a cikin allon da aka saba amfani da shi, kuma a kowane taku tana ganin wani ma'auni da ake kira imfidans, wato dangantakar ƙarfin turi da yawan kwarara a wannan wuri, wanda masu zane kan daidaita shi a kan om 50 ga layi tilo, om 90 ga tagwayen layukan USB. Idan ta iso bakin tsagi, layin sama yana ƙetarewa a miƙe, amma lantarki mai komawa sai ya bi gefen tsagin har ƙarshensa ya zagayo, kamar manomin da ke hango gonarsa a tsallaken rafi daga ƙofar gida amma da damina sai ya zagaya ta gada mai nisa kafin ya taka ta. Wannan zagaye yana faɗaɗa filin da'ira, indaktans ya ƙaru, imfidans ya yi tsalle a wurin, sai wani ɓangare na siginar ya juyo baya a matsayin amsa-kuwwa, wanda ya wuce kuma ya isa da gefensa a dakushe kuma a makare. Idan layuka da yawa ne suka ƙetare tsagi guda, kamar layukan da ke tsakanin kwakwalwar na'ura da ma'ajiyarta, dukkan komawarsu za ta cunkushe a gefe ɗaya, sai kowanne ya riƙa yi wa ɗan'uwansa katsalandan ko da sun yi nisa da juna a sama.

Illa ta ƙarshe ita ce ta fi jawo asarar kuɗi, wato tsagin kansa yakan zama eriya. Alan Blumlein ya ƙirƙiro eriyar tsagi a Ingila a 1938 domin watsa talabijin, Henry Booker kuma ya bayyana lissafinta a 1946, inda ya nuna cewa tsagi a jikin farantin ƙarfe yana watsa igiya kamar yadda sandar ƙarfe mai tsawonsa ke yi. Mai zanen da ya ratsa tsagi da layi mai sauri ya gina irin wannan eriya ya kuma ciyar da ita, sannan bambancin ƙarfin da ke tsakanin ɓangarorin shimfiɗar biyu yana tura kwarara cikin duk wayar da aka jona wa allon, kuma kwarara ƙanƙanuwa ƙwarai, ta 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na amfiya, a kan waya mai tsawon mita ɗaya ta isa ta sa na'ura ta faɗi gwajin hayaniya. Gwajin ya zama dole ne tun da hukumar sadarwa ta Amurka ta kafa iyakar hayaniyar kwamfutoci a 1979, dokar da ta taimaka wajen dakatar da ƙera samfurin farko na kwamfutar TRS-80 a 1981, sannan Tarayyar Turai ta wajabta tata dokar daga Janairun 1996. A ɗakunan wannan gwaji ne injiniyoyi da yawa suka fara ganin illar tsagi da idonsu, lokacin da liƙa ɗan tef ɗin jan ƙarfe a kan tsagin ya sauke hayaniyar nan take.

Juyin ra'ayi

Masu gargaɗi sun daɗe suna magana. Ralph Morrison ya wallafa littafinsa kan haɗa ƙasa da kariya daga hayaniya a 1967, Henry Ott na ɗakunan binciken Bell ya fitar da nasa a 1976, amma littafin Howard Johnson da Martin Graham na 1993 ne ya kai batun hanyar komawa teburin mai zanen dijital na yau da kullum. A 2001 Ott ya wallafa wata maƙala da ta yi tasiri sosai, inda ya nuna cewa tun da lantarki mai sauri yana bin ƙarƙashin layinsa ne, to idan aka ware wa analog gefensa na allo, dijital ma gefensa, aka kuma hana layin wannan shiga yankin wancan, hayaniyar ba za ta gauraya ba ko da shimfiɗar guda ce ba tsagi. Bruce Archambeault na kamfanin IBM ya ƙarfafa wannan da awo da kwaikwayon kwamfuta a littafinsa na 2002, Eric Bogatin kuma ya riƙa koya wa ɗalibansa su daina tunanin ƙasa gaba ɗaya, su riƙa tambayar inda kwarara za ta bi ta koma. Muhawarar ba ta mutu ba, domin har yau akwai takardun jagora da ke nuna shimfiɗa a tsage, kuma ana samun saɓani a zaman bitar zane tsakanin wanda ya koyi aiki a zamanin analog da wanda ya taso a zamanin gigabit, amma rinjayen ra'ayi ya koma ga shimfiɗa guda.

Ƙa'idojin da suka fito daga wannan juyi kaɗan ne. Idan tsagi ya zama dole, a bar gada ta jan ƙarfe a wuri guda, duk layukan da za su ƙetare su bi ta kanta. Idan tsakanin tsibiran wuta biyu ne, waɗanda ba za a iya haɗa su kai tsaye ba, a dasa kafasita a gicciye dab da inda layin ya ƙetare, domin kafasita tana barin kwarara mai sauri ta wuce tana tare mai tsayayyen ƙarfi, ko da yake amfaninta yana raguwa idan firikwensi ya haura ɗaruruwan miliyoyi saboda indaktans ɗin ƙafafunta. Idan layi ya sauya hawa ta ramin haɗi, a sa wani ramin na ƙasa kusa da shi domin komawar ma ta sauya hawa. Tagwayen layuka ma ba su tsira ba, domin kowannensu ya fi dogara da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa fiye da ɗan'uwansa. Tsagin da kowa ya amince da shi shi ne na tsaron rai, wanda ke raba ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannu ke taɓawa a cikin caja da inbata, inda taransifoma ko na'urar haske ko kafasitar tsaro kaɗai ke ƙetarewa.

Inda batun ya iske kudancin Kano

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa ta yau, suna narka kuza suna sayar wa fatake, kuma ma'adinar ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a can daga baya ta tsaya ne a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a yau tana tafiya ne a dalmar liƙi, kuma tun da Tarayyar Turai ta hana gubar dalma a kayan lantarki a 2006, haɗin da ya maye gurbinta kusan zallar kuza ne, mai narkewa a wajen digiri 217 maimakon 183. Wannan ƙarin zafi yana da tasiri kai tsaye ga mai gyara, domin allon wayar zamani yakan kai hawa takwas zuwa goma ko fiye, kuma idan aka daɗe ana hura masa iska mai zafi hawan ciki kan iya rabuwa, ramukan haɗi su tsage, sai a sami tsagin da babu mai zanen da ya yi shi.

Sana'ar gyaran waya ta bunƙasa ne bayan fara aikin wayar salula a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma kasuwar Farm Centre da titin Beirut a birnin Kano suka zama makarantar da samarin garuruwan kudu ke zuwa koyo su koma gida su kafa tebur. Babban makamin mai gyara shi ne mita, wadda ke ƙara idan wuri biyu suna haɗe, sai kuma jampa, wato siririyar wayar da ake ɗinke layin da ya yanke da ita. A layin caji ko na fitilar allo ko na maɓalli jampa tana aiki ko ta ina aka bi da ita, domin lantarkinsu a hankali yake sauyawa. A layukan da ke kai hoto ga sikirin ko ɗauko shi daga kyamara, waɗanda ke iya ɗaukar bit biliyan ɗaya a daƙiƙa, da layin eriya mai om 50, doguwar jampa da ta tashi daga jikin shimfiɗa daidai take da layin da ya ratsa tsagi: mita za ta yi ƙara ta tabbatar da haɗi, amma hoto ya riƙa yin zane-zane ko sabis ya ragu. Mita ba ta yi ƙarya ba, lantarki mai tsayayyen ƙarfi take aunawa, shi kuwa zagaye bai dame shi ba. Gogaggun masu gyara sun gano da gwaji cewa jampa gajera da ta kwanta a jikin allo ta fi aminci, kuma lissafin Heaviside yana bayansu.

Masu sauraron rediyo ma sun san illar ba tare da sun san sunanta ba. A yankin da sashen Hausa na BBC ya fara samun masu sauraro a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, mutane da yawa sun lura cewa gajeren zango kan cika da ƙugi da zarar an kunna wani ƙwan fitila ko inbata ko caja mai araha. A cikin waɗannan na'urori akwai makunnai masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma idan filin da'irarsu ya yi faɗi, ko aka cire kafasitar tsaro da ke ba hayaniya gajeriyar hanyar komawa a kan tsagin caja domin rage farashi, hayaniyar sai ta bi wayoyin gida ta watsu, kuma irin wannan hayaniya ce kan sa sikirin ɗin waya ya riƙa taɓa kansa lokacin caji. Yayin da famfunan sola ke ƙaruwa a gonakin rani na kewayen madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, irin waɗannan da'irori masu ƙarfi suna ƙara yawa a ƙauyuka.

Sabon abu a wannan zamani shi ne zane ya sauko hannun ɗalibai. Manhajar KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, kyauta ce, masana'antun ƙasar Sin kuma suna buga allo kaɗan su aiko, saboda haka ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ko Jami'ar Ahmadu Bello yana iya zana na'urar sarrafa famfo ko ta auna danshin ƙasa ya riƙe ta a hannu cikin 'yan makonni. Tsagin da ya fi kama irin wannan ɗalibi ba na analog da dijital ba ne, wanda yake yi da kansa ne a allo mai hawa biyu, idan wuri ya ƙure masa a sama ya sauko da dogon layi cikin shimfiɗar ƙasa ya yanka ta, ko ya jera ramukan haɗi kusa da juna har zobban da ke kewaye da su suka haɗe suka zama tsagi. Manhajar za ta ce komai a haɗe yake, domin ita ma haɗi take dubawa, alhali ƙwaya irin ESP32 da ke kan allon tana aiki da rediyo mai firikwensi biliyan 2.4.

Koyar da wannan ilimi a kwalejojin fasaha, irin ta Bagauda da ke ƙasar Bebeji, ba ya bukatar kayan miliyoyin naira. Alluna biyu iri ɗaya, a yanka shimfiɗar ɗaya da wuƙa a ƙarƙashin layin agogo, a matso da rediyon gajeren zango kusa da kowannensu, sun isa su sa ɗalibi ya ji bambancin da kunnensa, kuma ɗan zoben waya da aka jona wa osiloskof, na'urar da ke zana surar sigina a gilashi, zai nuna masa gefen da kwararar ta bi ta zagaya. Yankin da ke da kuza a duwatsunsa da ƙwararrun hannaye a kasuwanninsa abin da ya rage masa shi ne masu zane, kuma mai zane ba ya ƙwarewa sai ya saba, kafin ya aika da allo masana'anta, ya ɗora hoton kowane hawan layuka a kan hoton shimfiɗar da ke maƙwabtaka da shi, ya bi layuka masu sauri ɗaya bayan ɗaya daga tushe zuwa maƙura, ya tabbatar jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu bai yanke a ko'ina ba.